Farin rubutu ya ɓace a logo? Leƙa obafirin ɗin da ke cikin linki

Yanzu da muka doshi ƙarshen shekara aikin kalanda da katin biki da jota ya fara yawa a nan Jos, kowa na sauri, kwastoma na tsaye a kanka wai gobe-gobe yake son kayansa, to a irin wannan lokacin ne ake yawan ƙona filet, wato farantin da ake ɗaura wa injin bugu, a banza. Maganar da nake so mu yi yau a kan wani ɗan ƙaramin akwati ne da ake sa wa alama a manhajar zane ta Illustrator ko CorelDRAW, wato obafirin (Overprint). Da yawa cikin masu dizayin ɗinmu ba su taɓa buɗe inda yake ba ma, amma yana nan kwance a cikin logon da aka turo musu, kuma shi ne zai faɗi abin da zai fito a takarda, ba abin da ido ke gani a sikirin ba.

Bari in ɗan koma baya saboda ƙannenmu da suka shigo harkar ta hanyar fosta ta Facebook da sitatus na WhatsApp, waɗanda ba su taɓa tsayawa kusa da injin ofset, wato injin buga takarda mai aiki da filet, ba. Injin nan bai san wani abu wai shi kore ko ruwan goro ba. Tawada huɗu ya sani, C da M da Y da K, shuɗi mai haske, majenta, ruwan ɗorawa da baƙi, kowacce da filet ɗinta. Idan ka ɗora jan rubutu a kan koren fili, abin da kwamfuta ke yi da kanta shi ne ta yanke gurbin rubutun daga cikin koren, ta bar takarda fara a wurin, sai jan ya zo ya zauna a gurbin. Wannan shi ne nokawut. Obafirin kuma shi ne ka ce mata a'a, kar ki yanke komai, bar na ƙasan yadda yake, na saman ya hau kansa. Tawadar buga takarda kuwa ba fenti ba ce, ana ganin na ƙasa ta cikinta, shi ya sa Y 100, wato ruwan ɗorawa ɗari bisa ɗari, idan ta hau kan C 100 kore za ka samu, jan nan kuma da ke M 100 Y 100 idan ya hau kan kore mai C 100 Y 100 abin da zai fito wani duhu ne mai datti da ba wanda ya yi odarsa.

To me ya sa ake son obafirin tunda yana ɓata kala? Saboda baƙin rubutu. Nokawut kamar magini ne ya bar gurbin taga a bango, in firam ɗin da kafinta ya kawo ya goce ko da kaɗan ne sai ka ga haske na shigowa ta gefe. Haka farin takarda ke leƙowa ta gefen haruffa idan filet ɗin K bai zauna daidai kan sauran ba. Mu kuma a nan ai mun san irin injinan da muke aiki da su, da yawa Kord 64 ne da GTO masu kai ɗaya, takardar sai ta bi ta cikin inji sau huɗu kafin a gama fulkala, a wanke a canza tawada a sake ɗaura filet, wani lokaci a buga kala biyu yau a ƙarasa gobe saboda an ɗauke wuta. Takarda kuma tana shan danshi tana saki, wadda aka fara bugawa da sanyin safiyar hunturu ba lallai ta zama daidai girmanta ba bayan ta kwana a shago. Duk ƙwarewar ofareta sai an ɗan samu gocewa. Idan baƙin rubutun nan mai poyin 8 ko 9 yana obafirin, gocewar ba ta da inda za ta nuna kanta, don babu gurbin da aka yanke tun farko. Saboda haka ni a wurina ƙaramin baƙin rubutu da siraran baƙaƙen layuka a kan kala dole su hau kai, babu wata muhawara.

Yanzu ga inda linki ya shigo, wato fayil ɗin da ka jawo daga waje ka ajiye a shafinka a InDesign, manhajar tsara shafi. InDesign tun asali yana sa baƙin da ke cikin jerin kalolinsa, wato suwach, wanda aka rubuta Black, ya yi obafirin idan yana kan 100, saitin yana cikin Preferences a ƙarƙashin Appearance of Black. Wannan ya sa mutane suka saki jiki, suna ganin duk wani baƙi da ke shafin an gama da shi. Amma saitin nan iyakarsa abin da ka rubuta ko ka zana a cikin InDesign ɗin kansa. Logo ko taswira ko zanen bekta da ka jawo daga waje ka ajiye, fayil ɗin AI ne ko EPS ko PDF, yana zuwa ne da nasa dokokin, InDesign ba ya taɓa masa ciki. Shi kuma Illustrator ba ya sa baƙi ya yi obafirin da kansa, sai ka zaɓi abin ka buɗe Attributes, Ctrl da F11, ka sa alama a Overprint Fill ko Overprint Stroke, ko kuma ka bi ta Edit Colors ka danna Overprint Black. Sai ka ga shafi ɗaya, rubutun labari ya fito tsaf, amma ƙananan sunayen unguwanni da ke cikin taswirar da aka linka, Gangare da Rikkos da Unguwar Rogo da Farin Gada, kowanne da farin zare a gefensa. Mai aikin zai ce ofareta ne bai iya saiti ba, ofareta zai ce haka filet ya zo, duka biyun kuma ba su buɗe taswirar ba.

Wani kuma sai ya zaɓi akwatin da logon ke ciki a InDesign ya je Attributes ya sa alama yana ganin ya gyara. Abin da ya taɓa shi ne kalar akwatin da layin gefensa, zanen da ke ciki yana nan yadda ya zo. Gyara sai a asalin fayil. Ka danna Edit Original, ka gyara a Illustrator, ka yi sebin, ka dawo ka duba Links ka tabbata alamar nan mai kusurwa uku ruwan ɗorawa ta tafi, don muddin tana nan tsohon zanen ne ke zaune a shafinka.

Ɗaya ɓangaren ya fi wannan ciwo, shi ne fari mai obafirin. Fari a ofset ba tawada ba ce, rashin tawada ne, C 0 M 0 Y 0 K 0. Hanya ɗaya da fari ke fitowa ita ce a yanke gurbi. In ka ce masa kar ya yanke gurbi, to ka ce masa kar ya wanzu kenan. Mu kuwa ƙasarmu kore fari kore ce, rabin logon makarantu da ƙungiyoyi da hukumomi da fostocin 'yan siyasa farin rubutu ne a kan kore.

Kwanakin baya wani yaro da ke zuwa shagona koyon aiki ya shigo da takardar shirin bikin yaye ɗalibai na wata makaranta, wani abokinsa ne ya yi dizayin ɗin aka buga aka kawo, fuskarsa duk ta canza. Ya ce "Oga don Allah duba min, sunan makarantar babu." Na karɓa na duba, da'irar logon tana nan kore shar, littafi da alƙalamin da ke tsakiya suna nan, amma zagayen da ya kamata a ga sunan makaranta da takenta da farin rubutu babu ko ɗigo, kore ne sumul kamar ba a taɓa rubuta komai ba. Ya buɗe min PDF ɗin a wayarsa, ga rubutu nan fari tas, shugaban makarantar ma a wayar ya gani ya ce a buga. Na ce ya kawo fayil ɗin a filash. Muka buɗe logon a Illustrator, na danna Ctrl Alt Shift Y mai nuna obafirin yadda zai fito a takarda, rubutun ya ɓace a gabanmu, na sake dannawa ya dawo. Yaron ya yi shiru can ya ce "Wallahi ba mu taɓa komai ba a logon." Gaskiya ya faɗa, ba su taɓa ba. Na zaɓi harafi ɗaya, ga alama nan zaune a Overprint Fill.

Yadda abin ke faruwa ba wani sihiri ba ne. Wani can shekarun baya ya yi logon da baƙin rubutu don leta hed, ya sa masa obafirin, kuma daidai ya yi. Daga baya aka ce ana son na kan kore, wani ya zaɓi rubutun ya mayar da shi fari, kala ta canza amma alamar ta zauna. Daga nan logon ya yi ta yawo daga filash zuwa filash, ana buga shi a banar fileks da ƙaramar firinta ta ofis ba matsala, har ranar da ya haɗu da na'urar yin filet da ke bin umarni yadda aka rubuta shi. Adobe sun san da matsalar, tun fitowar Illustrator CC a 2013 akwai zaɓin Discard White Overprint a cikin Document Setup, yana taimakawa sosai, amma ni ban yarda in dogara da shi ba, saboda logon da ke yawo a garin nan wani an yi shi tun zamanin CS3, wani daga Corel ya fito aka mayar da shi EPS aka sake mayar da shi PDF. Cire alamar da hannunka ya fi.

Waya da burawuza su ne manyan masu yaudara a nan. Yawancin manhajojin da ke buɗe PDF a waya ba sa nuna obafirin kwata-kwata, suna zana na sama ya rufe na ƙasa shi kenan. Ko Acrobat ɗin ma saitinsa na asali a Page Display shi ne ya nuna obafirin ga fayilolin PDF/X, wato PDF ɗin da aka tsara don bugu, kaɗai, to in ka fitar da PDF na gama-gari ba zai nuna maka ba. Ka je wurin ka mayar da Use Overprint Preview zuwa Always ka manta da shi. In kana da Acrobat Pro, Output Preview na da wurin da zai haska maka duk abin da ke obafirin a shafin da kala ta daban, nan take za ka ga farin da bai kamata ya haska ba ya haska.

Amma abin da na fi yarda da shi shi ne duba filet ɗaya-ɗaya tun a kwamfuta. A InDesign Shift da F6 zai buɗe Separations Preview, Illustrator ma yana da nasa. Kashe K ka gani. In ka kashe K ka ga fararen haruffa sun bayyana a cikin kalar ƙasa, baƙin rubutunka nokawut yake yi. In kalar ƙasa ta zauna sumul, ya hau kai, madalla. Sannan ka kalli duk inda fari ya kamata ya kasance ka tabbata yana nan a kowane filet. Aikin minti kaɗan ne, ya fi ka biya kuɗin filet huɗu sau biyu ga rim ɗin art pepa da ya tafi, da tsadar takarda ta yanzu kuwa ba sai na faɗa ba.

'Yan Corel, na san ku ne mafi yawa a garin nan, daga Taminus har Bukuru in ka shiga shagon dizayin goma da wuya ka samu biyu da ba Corel suke buɗewa ba, kuma babu laifi. Naku yana fitowa in kun danna dama a kan abu, Overprint Fill da Overprint Outline, kuma a View akwai Simulate Overprints wanda shi ne madubinku. Wurin fitar da PDF, a shafin Color, akwai Preserve document overprints, in babu alama a kansa duk wahalar da ka sha ta tafi. Kusa da shi akwai Always overprint black, wanda ke sa duk abin da baƙinsa ya kai 95 cikin ɗari ya hau kai. Idan za ka shigo da EPS kuma Corel zai tambaye ka, ka shigo da shi yadda za ka iya gyarawa ko ka ajiye shi a rufe yadda ya zo. In ka ajiye shi a rufe, hoton leƙe kawai kake gani, abin da ke ciki na nan da saitinsa ba ka ganinsa, to irin wannan sai ka fitar da PDF ka duba a Acrobat kafin ka tura.

Always overprint black ɗin nan ma ina da magana a kansa. Yana da kyau ga rubutu, amma ba ya bambance ƙaramin harafi da ƙaton baƙin akwati. Ka ɗauka kana da baƙin zirin da ya ratsa ƙasan fosta, rabinsa a kan hoton ɗan takara rabinsa a kan farar takarda. K 100 ita kaɗai ba ta da kaurin da za ta rufe hoto, sai ka ga babbar rigar mutumin tana leƙowa ta cikin baƙin, gefe ɗaya baƙi ƙirin gefe ɗaya toka-toka. Maganinsa a ba babban baƙi abin tallafi, irin C 60 M 40 Y 40 K 100 da mutane da yawa ke amfani da shi. Dalilin da ya sa wannan ke aiki shi ne wata ƙa'ida da ba kowa ya lura da ita ba: obafirin ba tara tawada yake yi ba a filet ɗin da na sama da na ƙasa suka haɗu, na sama ne ke cin wurin. C 20 a kan C 80 zai ba ka C 20, ba 100 ba. Filet ɗin da na sama ke da sifili a cikinsa ne kaɗai ake bari na ƙasa ya wuce. Shi ya sa ba daidai yake da Multiply, saitin nan mai gauraya kalar sama da ta ƙasa, ba duk da a ido suna kama. Sai dai kar wani ya ji haka ya je ya sa wa ƙaramin rubutu wannan baƙin mai kala huɗu, a Kord zai fito da inuwa kala-kala. Kuma don Allah a bar suwach ɗin Registration, 100 ne a kowane filet, jimla 400, na alamomin saiti ne kawai, in ka cika akwati da shi takardar ba za ta bushe ba sai dai ta manne da ta samanta.

Akwai masu cewa to a huta mana, a gaya wa mai CTP, wato mai na'urar yin filet, ya zubar da duk wani obafirin da ke fayil. Ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan. Na farko baƙin rubutunka ya koma yanke gurbi. Na biyu, in aikin na da kalar sipot, wato tawada ta musamman mai filet ɗinta daban, irin ta Pantone kuma akwai inuwa ko wani abu mai shara-shara a kanta, ka fitar da shi a PDF/X-1a, manhajar da kanta take amfani da obafirin wajen daddatsa shafin don ya fito daidai. Zubar da shi sai ka ga fararen akwatuna sun kewaye inuwar a takarda. PDF/X-1a na 2001 ne, yana baje komai, CMYK da sipot kaɗai ya yarda da su. PDF/X-4 da ya zo a 2008 yana barin shara-sharan da rai na'urar filet ta ƙarasa da kanta. Dukansu suna riƙe obafirin, abin da ya rage ka tambayi mai yin filet wanne injinsa ya fi jin daɗi, ka kuma tambaye shi ko na'urarsa tana tilasta wa baƙi hawa kai ko tana bin abin da ke fayil, don ana iya saita ta ko ta wane ɓangare. Wanda ke tura manyan ayyuka Eriya 10 a Abuja ko Shomolu a Legas shi ya fi kowa bukatar wannan tambayar, tunda ba ya wurin balle ya ɗaga filet ya kalla kafin a ɗaura.

Simulate Overprint da ke wurin fitar da PDF a InDesign kuma na furuf ne, na abin da za ka nuna wa kwastoma ko ka buga a injin dijital na DI don a ga yadda zai kasance. Yana zana sakamakon ne ya mayar da kalolin sipot CMYK. Kar ka tura wannan a yi filet da shi. Ni abin da nake yi fayil biyu ne, ɗaya na kallo wanda zan tura wa Alhaji a WhatsApp ya ga gaskiyar abin da zai samu, ɗaya na bugu, kuma ina rubuta bambancin ɓaro-ɓaro a sunan fayil ɗin.

Masu aikin kwali da sitika, na man shafawa da yaji da zuma da garin kunu da matanmu ke sarrafawa yanzu, ku naku ya fi na kowa. Layin yanka da ke nuna inda wuƙa za ta bi yawanci fayil ne daban da ake linkawa a saman zanen, dole ya zama kalar sipot mai sunanta, dole kuma layin ya yi obafirin. In bai yi ba zai yanke siririn gurbi a cikin zanen, a cire filet ɗinsa, a bar ka da farin layi ya zagaye kwalin, wuƙa kuma ba ta taɓa bin layi ɗari bisa ɗari. Haka sipot UV da foyil. Farar tawada ta gaske da ake bugawa a ƙarƙashin zane a sitika mai shara-shara ita ma sipot ce, ita kam in tana saman zanen a fayil obafirin take bukata, kar a rikita ta da farin takarda da muka yi magana a baya.

Sai al'adarmu ta a mayar da komai JPEG a huta. Na gane dalilin, font ba zai gudu ba, Corel ɗin can ko tsoho ne zai buɗe. Amma hoto ba ya ɗauke da umarnin obafirin, kuma in RGB ne, wato kalar sikirin, baƙin rubutunka zai koma wajen C 75 M 68 Y 67 K 90 idan aka juya shi, ya watsu a filet huɗu. Ga banar fileks ba komai, ga littafin shirin taro mai ƙananan haruffa kuwa ka ɗaure ofareta da igiya. SVG da ake saukowa daga intanet ko a fitar daga Canva ma na sikirin ne, RGB ne, in ka samu logo a haka sai ka buɗe shi a Illustrator ko Corel ka mayar da kalolin CMYK da hannu, ka mayar da baƙin K 100 zalla, sannan ka sa obafirin inda ya dace.

In za ka yi sebin ɗin AI don linkawa ka bar alama a Create PDF Compatible File, ɓangaren PDF ɗin nan shi InDesign ke karantawa. In kuma ɗanyen fayil za ka kai wa mai bugu ba PDF ba, yi Package ya tattaro linkunan cikin folda ɗaya, don in logon ya ɓata a hanya hoton leƙe mara ƙarfi ne zai fita a madadinsa, ko kuma wani a can ya ɗauko nasa tsohon kwafin logon daga kwamfutarsa ya maye gurbin, wanda ba ka san me ke cikinsa ba. Logon kwastomomin da nake yi wa aiki kullum ina da folda tasu daban, wanda na buɗe na duba na gyara, kowanne iri biyu, na kan fari da na kan kala, in sun turo sabo a WhatsApp sai na buɗe shi na kashe K na gani kafin ya shiga foldar.